Na Ƙi Dangwala Hannu

Ina gaishe ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Sunana Rahila, ɗinki nake yi a nan Daura, da shi nake riƙe 'ya'yana uku tun rasuwar babansu. Waɗanda suka san ni sun san a da ba na iya ɗaga ido in kalli mutum. Ko taka ni aka yi, ni ke ba da haƙuri. Ina kiran abin tawali'u, ashe tsoro ne.

Bara da damina na shiga motar haya zan kai wa wata mata ɗinkinta a Baure. Tun a tasha na ga tayar baya ta suɗe, na ja bakina na yi shiru. Ba mu yi nisa ba ta fashe, mota ta wuntsila cikin gonar gero. Hannuna na dama ya karye wuri biyu. Likita ya ce sai an yi aiki a Kano, an sa ƙarfe.

Ina kwance a asibiti wakilin mai motar ya zo da ledar lemo da 'yan kuɗi a ambulan, da wata takarda.

"Baiwar Allah, dangwala nan," in ji shi. "Tsautsayi ne. Kowa ya karɓa, ke kaɗai kika rage."

"Me takardar ta ce?"

"Kin yafe, ba sauran magana."

Abin da ke cikin ambulan ɗin ko maganin wata guda ba zai saya ba. Na ce ya ba ni lokaci.

Bayan an sallame ni, har wani dattijon ikilisiyarmu ya same ni a gida ya ce, "'Yata, ki bar wa Allah. Mu Kirista kaɗan ne a garin nan, kada ki jawo mana ido." Wannan maganar ta fi karayar ciwo. Mako biyu ban yi addu'a ba, sai tsine wa direban nake yi a zuciya.

Wata safiya na zauna gaban keken ɗinki, na kasa ko zura zare a allura. Nan na durƙusa ina kuka. Na ce, "Ubangiji, in kai ka ce in yi shiru, zan yi. In kuwa tsoro ne ya rufe mini baki, ka cire shi yau." Ko da na miƙe, na yafe wa direban har zuciyata, kuma na daina jin tsoron kowa.

Da wakilin ya dawo na kalle shi ido cikin ido.

"Ba zan dangwala ba."

"Za ki sha wahala fa."

"Ai ina cikinta. Ɗauki takardarka."

Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta haɗa ni da lauya. Shi ya sanar da ni cewa fasinjan da ya ji rauni yana da haƙƙin neman diyya daga inshorar motar. Na tattara rahoton 'yan sanda, takardar likita da hoton ƙashi. Sai kamfanin inshorar ya ce ba hujjar ina cikin motar, don ba a rubuta sunana a tasha ba.

Ku ji aikin Allah. Malam Idi, mai sayar da hatsi a Baure, wanda muka zauna kujera ɗaya ranar, ya ji labari ya bar kasuwarsa ya zo ofishin lauyan. Ya ce, "Ni na jawo ta daga motar nan da hannuna. Ku rubuta, ko gaban alƙali zan maimaita."

Sai da muka yi wata bakwai ana ja, sannan suka biya. An yi mini aikin a Kano. Hannun bai miƙe gaba ɗaya ba, amma rigar nan da ke jikina ni na ɗinka ta. Halleluya!

Na gode wa Yesu da ya buɗe mini baki. In an kawo muku takarda kuna kan gadon asibiti, kada ku taɓa ta sai an karanta muku, sai kun yi addu'a. Ku yafe, amma kada ku yar da haƙƙinku don tsoron mutum. Ku dogara ga Ubangiji, yana da shaidunsa har a inda ba ku zata ba. Amin.