Waƙa ta Uku a Faifan

A ɗakin jira na asibiti, wani dattijo yana ta juya sabon faifan waƙa a hannu. Matar da ke gefensa ta leƙa.

"Baba, kai ma kana jin wannan mawaƙin?"

"Allah ya kiyaye! Murya kamar tsohuwar ƙofa. Maiɗakina na saya wa. Ciwon mantuwa ya kama ta, ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Amma in waƙa ta uku ta zo, sai ta dube ni ta kira sunana."

"Allah sarki! Kai kuma fa?"

"Sai in yi mata amshi mana."

"Au, ashe ka haddace ta?"

Ya gyara hula. "'Yata, kamar ni likita ke kira ko?"