Kwale-kwalen Da Za Mu Kai Wa Lurwanu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatanmu da masu unguwanni na Kurugu da na Zoza. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Ruwa da masuntan madatsar Calawa. Iyayenmu mata da ke zaune a inuwar can. Jama'ar Ƙaraye da ta Rogo, manya da yara, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Ni ne Badaru, ƙanen Lurwanu masunci. Ba a san ni da iya magana ba, amma yau ta kama, sai an yi haƙuri da ni. Na gode muku da kuka baro gonakinku a tsakiyar damina. Na gode wa kafintocin da suka sassaƙa kwale-kwalen nan da ke gabanku, da matan da suka ɗinke buhunan taki ɗaya bayan ɗaya har suka zama ƙyallen da iska za ta riƙa turawa.

Magana ta farko, dalilin tafiya. Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙyalle a ruwan Calawa ya bar iska ta yi masa aikin fetur, a wurin Yaya Lurwanu ya koya. Shi ya kawo mana wannan sana'a, sannan ya tafi kudu neman kifi, ya zauna da iyalinsa a wani ƙauye cikin rassan ruwa kusa da teku, inda babu titi, babu ko turbar babur. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Bana kuma jirginsa ya fashe. 'Ya'yansa sun iya su, amma ba su da abin hawa, kuma masunci ba jirgi mabaraci ne. Ana cewa ɗan'uwa rabin jiki. To shi rabin nasa ya kwanta, mu ne sauran. Jirgin nan nasa ne, kuma kai masa za mu yi.

Magana ta biyu, hanya. Na ji masu cewa, "Ruwan Calawa gabas ya nufa, ku kuma kudu za ku, ko ta sama za ku bi?" Mun sani, ba mu haukace ba. Motar hatsi da ke zuwa Lakwaja za ta ɗauki jirgin, a can za mu sa shi a kogin Kwara. Daga nan ruwa ya tura mu, mu wuce Anaca, mu shiga ƙananan rassa, muna tambaya ƙauye ƙauye har mu isa. In iska ta ba mu baya mu buɗe ƙyalle, in ta juyo mana mu naɗe mu kama tuƙi da hannu. Rana na faɗuwa mu nemi gaɓa. Mu uku ne: ni, da Hafizu na Zoza, da Sadiƙ na Kurugu.

Kuma mun gwada kanmu. Ran farko Hafizu ya ɗaure igiyar ƙyalle irin ɗaurin da yake wa sansa a turke, ƙulli kan ƙulli. Iska ta taso, aka ce ya saki, ina! Sai ga mu cikin ruwa tsamo-tsamo, hularsa na yawo ita kaɗai. Da muka fito Sarkin Ruwa ya ce masa, "Ɗana, sa ake ɗaurewa, iska a hannu ake riƙe ta." Yanzu ko a mafarki Hafizu ba ya ƙulla igiya. Ga shi can yana sunkuyar da kai.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ita ce kuma ta tara mu. Kogi ba ya ɗaukar jirgi lafiya sai yana cike. In muka jira ruwa ya janye, yashi zai tare mu a tsakiyar hanya, sai kuma baɗi, iyalin Lurwanu kuwa ba su da abincin da zai kai su baɗi. Lokacin cikar kogi kuma shi ne lokacin cirar gyaɗa. Kun fi ni sani, in ƙasa ta bushe gyaɗa a ciki take tsinkewa, wahalar shekara ta tafi a banza. Mu uku muna da gonaki, muna da bakunan ciyarwa. In mun tsaya mun ci amanar ɗan'uwa, in mun tafi mun bar 'ya'yanmu da yunwa.

Saboda haka gayya muke roƙo. Na san al'ada: mai gayya shi ke shiga gaban kunya, shi ke fara sunkuyawa, ba a taɓa kiran gayya mai gona yana wata ƙasa ba. Wannan ya hana ni sukuni, na ji kunyar buɗe baki, har na je na gaya wa mahaifiyarmu, Inna Ummu Habiba, cewa na fasa. Ta dube ni ta ce, "Badaru, ni na haife ku ku biyu. Ka tafi. In mai gona ake nema a gaban kunya, ni zan tsaya. In ba wanda ya zo, zan cire gyaɗar daga zaune, tushe ɗaya ɗaya."

Jama'a, tsohuwar da ba ta iya tsayuwar salla sai a zaune ke nan. Ga ta can a bakin tabarma. Ku dubi abin da ke kan cinyarta. Ban ce ta zo da fartanya ba, wallahi ban ce ba.

Tafiya dai za mu yi, in Allah ya yarda, wannan babu fashi. Abin da ya rage tambaya ɗaya ce: ranar cirar gyaɗa, ita kaɗai za ta shiga gonar?

Na ga Malam Sulle ya miƙe da ɗalibansa. Na ga mutanen Zoza. Kurugu ma kun tashi. Inna, ɗaga kai ki gani. Ajiye fartanyar nan.

Allah ya saka muku da alheri, ya cika rumbunanku, ya sa kada ɗayanku ya nemi ɗan'uwa ya rasa. Allah ya ba Lurwanu lafiya, ya kwantar mana da ruwa, ya ba mu iska ta baya, ya dawo da mu mu tarar da Inna da ranta. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.