Alƙiblar Sabon Zuwa

A tashar jirgin ƙasa ta Lakemba, a Sydney, wani ɗalibi ya sallame sallar la'asar, sai wani dattijo mai jiran jirgi ya matso kusa da shi.

"Ɗana, yaushe ka zo ƙasar nan?"

"Sati uku ke nan, Baba. Daga Senegal."

"Shi ya sa! A nan alƙibla yamma take. Ka juya wa Makka baya kana ta kallon teku."

"Innalillahi! Sallolina fa? Mahaifiyata ce ta ce kada in saki gabas."

"Kwantar da hankalinka, liman zai warware maka. Ita mahaifiyar taka, ina take kallo?"

"Gabas mana."

"To, juya yamma. Sau biyar a rana za ku riƙa fuskantar juna."