Karan Awon da Jaki Ya Taɓa

A rumfar Ɗantani kafinta, nan Ƙofar Wambai, Mailafiya mai sayar da gero ya sauke sabon ƙyaure daga kan jakinsa, ransa a ɓace.

"Malam, ga aikinka na dawo maka da shi. Bai cika faɗin ƙofar ba. Ta kafar da ka bari ɓeraye suka shiga suka huda mini buhu uku."

Ɗantani ya zaro karan dawa daga saman rumfa. "Ba da wannan ka kawo mini awo ba? Dubi bakinsa, duk a tattaune."

"Jakin nan ne ya ɗan taɓa a hanya. Abin bai taka kara ya karya ba."

"Ni ma na lura. Shi ya sa na ƙara yatsa biyu."

Mailafiya ya ce, "Biyu? Ai huɗu ya ci."

Ɗantani ya ajiye zarto. "Ashe har ka san huɗu ne, ka miƙo mini ka yi shiru?"

"Na ji kunya in ce jaki ya ci mini awo a gaban mutane. Kai da ka gani, me ya hana ka tambaya?"

"Na ga dattijo da rawani, zan ce masa karansa saura ne?"

Ɗantani ya juya ƙyauren, ya yi tsaki.

"Je ka sake awo, da igiya wannan karon. Kuma kada ka daki dabbar nan, Malam. Cikinmu uku, shi kaɗai ne bai ɓoye abin da ya yi ba."