Tukunyar Wake a Jar Mota

A wani shagon kayan gyaran mota a garin Dayton na Amurka, Earlene Tibbs ta dangwarar da kwalin sifirin a kan tebur tana jiran mai shago. Wani mai furfura da ke bayanta a layi ya leƙa.

"Baiwar Allah, ai waɗannan na filin tsere ne. Jikanki ya aiko ki?"

"Wane jika? Motata ce! Mijina ya rasu ya bar mini ita, ja, mai kujera biyu. Na ce a sa mini masu kyau, aka sa mini irin waɗannan. Mota ta yi tauri kamar benci. Ran Lahadi na ɗauko tukunyar wake zan kai walimar coci, rami ɗaya na faɗa, wake har gilashi! Yau sai sun canja mini."

"To, karɓi masu laushi, da shokozoba irin wadda ta zo da ita. Kamar kina kan katifa."

Earlene ta harare shi. "Katifa ina da ita a gida. In na zo shan kwana fa?"

"Za ta ɗan karkata. Sai ki rage gudu."

"In rage me? Shekara talatin mijina Vernon yana jan ta kamar mai rakiyar gawa, ina gefe ina haƙuri!"

Mutumin ya yi dariya. "To, waken fa?"

Ta jawo kwalinta ta rungume.

"Lahadi mai zuwa burodi zan kai musu."