Ƙanen Tela

A ɗakin jiran likita, wata tsohuwa na jan carbinta mai gicciye. Wani tela da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Mama, ku 'yan Katolika kun ce Maryamu budurwa ce har abada. To, 'yan'uwan Yesu da Littafi Mai Tsarki ya ambata fa, daga sama suka faɗo?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa ka kawo asibiti?"

"Ƙanena."

"Cikinku ɗaya?"

"A'a, ɗan baffana ne."

"Ni kuma da kake ta kira Mama, yaushe na yi naƙudarka?"



Ta ci gaba da jan carbinta, tana murmushi. "Allah ya ba ƙanen naka lafiya, ɗana."