Malam Mode Mai Akwatin Mashin da Rumfar da Aka Rushe

Jawabin Haliru Na'Allah, malamin dabbobi, a taron addu'ar arba'in na marigayi Malam Mode, Bodinga, ƙarshen shekarar 1984.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Wakilin Hakimi, ranka shi daɗe. Liman, Allah shi gafarta Malam, da sauran malamanmu. Sarkin Kasuwa, Sarkin Maƙera, Sarkin Dukawa. Ardo Sani da jama'arsa da suka taso tun daga rugagen Shagari. Baba Ladan, ƙanen marigayi. Inna Tani, uwargidansa, wadda ke jin mu daga cikin gida, da 'yarsu Mairo. 'Yan'uwana mahaya mashin, da dukkan wanda ya bar aikinsa ya zo. Assalamu alaikum.

Mahaya mashin na Bodinga da Shagari ne suka ce in tashi in yi magana da bakinsu. Na ce musu su nemi wani, domin harshena ba shi da daɗi a kwanakin nan. Suka ce ai shi ya sa suka zaɓe ni. To, in na yi zafi, manya su yi mini haƙuri.

Malam Mode ɗan Dingyadi ne, gidan dukawa. Da ɗinkin mangalar jakai ya tashi. Da ya ga mashin ya fara karɓe wa jaki aiki, bai tsaya yana zagin zamani ba. Ya je ya zauna wurin maƙera ya koyi bugun ƙarfe yana da furfura a gemu, sa'an nan ya kafa rumfarsa a bakin hanya, kusa da kasuwa. Duk wanda ya taɓa ɗaura akwati a bayan mashin tsakanin nan da Dandin Mahe ya san wannan rumfa.

Ya kasance mutum ne da ba ya raina tsohon abu. Kun san tun da aka shiga tsuke bakin aljihu, sabon akwatin mashin ya ɓace daga kantunan Sakkwato. Sai tsofaffi, waɗanda aka yi haɗari da su, waɗanda tsatsa ta huda wa gindi. Irin su muke kai masa. Ya buga lanƙwasar ta miƙe, ya yanko ƙarfe ya toshe hujin, ya sauya marfi, ya sa wurin kwaɗo. Ba ya taɓa shafa fenti sai ya kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, ko da kana tsaye a kansa kana cewa sauri kake yi.

Ya kasance ba ya ɗaura akwati sai ya yi maka tambayoyi kamar alƙali. Me kake ɗauka? Wace hanya kake bi? Sa'an nan ya ce, “Wa kaka ɗauka baya?” In ka ce tsohuwarka kake kai wa asibiti, sai ya ja akwatin baya kaɗan don ƙafarta ta sami wuri, ya nisanta shi daga salansa kada zafi ya taɓa ta. Ya yanko robar tsohuwar taya ya sa tsakanin akwati da ƙarfen kariyar mashin don kada ya riƙa ƙara. Ya sa ka hau da kayanka ka zagaya, shi kuma ya tsuguna yana kallon ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Masu kai irin albasa ƙauyuka, masu koli, malaman makaranta, masu tallan atamfa, duk mun yi wannan zagaye a gabansa.

Ya kasance mai tsayawa wa jama'a ran da abu ya ɓaci. Bara, da annobar shanu ta shigo ƙasar nan, aka ba mu maganin rigakafi mu kai rugage. Maganin ba ya son zafi. A cikin kwalbar ƙanƙara muke ɗaukarsa, kuma kafin mu kai bayan Shagari hanya ta fasa kwalbar ko rana ta narkar da ƙanƙarar. Na zo masa rai a ɓace. Ya saurare ni, ya ture aikin da ke gabansa, ya yi wa akwatina bango biyu, ya cusa auduga da buhu a tsakani, ya shafe shi da farin fenti. Da na dawo na ce maganin ya kai lafiya, sai ya ce, “To kirawo sauran abukkan aikinka.” Haka ya yi mana duka, ya bar masu jiran aikinsu suna ta ƙorafi. Ardo Sani ga shi nan zaune. Shi zai gaya muku shanun da suka tsira a rugarsa.

Ya kasance mai rufa asiri. A nan nake so ku buɗe kunne.

Lokacin zaɓe, kun ga yadda aka raba wa 'yan jam'iyya mashina. Kowa ya kawo akwatinsa a shafa masa launin jam'iyyarsa, a zana masa tambarinta. Malam Mode ya shafa wa waɗannan, ya shafa wa waɗancan. Akwai wani mai faɗa a ji a wancan lokaci, wanda ke yawo da 'yan banga a bayansa, ya zo ya ce masa kada ya ƙara taɓa akwatin 'yan hamayya. Tsohon ya ce, “Ɗana, ni akwati nis sani.” Ya ci gaba da aikinsa.

Da soja suka karɓi mulki, launin nan ya zama abin tsoro. Sai ga masu shi suna zuwa ta bayan rumfa, akwati a naɗe cikin buhu. Ina zaune a kan benci ina jiran nawa aikin, sai ga mutumin nan mai 'yan banga ya shigo. Ya tsuguna har ƙasa, ya ce, “Baba, ruhe min asiri.” Malam Mode bai tuna masa komai ba. Ya karɓa, ya kankare tambarin, ya shafa baƙin fenti. Da mutumin ya fita na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “Haliru, ba ka ga kowa ba.” Kuma ban ga kowa ba, har sai da abin da zan faɗa yanzu ya faru.

Ba a daɗe ba aka shiga maganar tsabtace gari. Wasu mutane suka taru suka naɗa kansu kwamitin tsabta. Babu wanda ya zaɓe su. Wa ya zama shugabansu? Mutumin nan dai. Su waye masu riƙe masa bulala? Yaran da suka riƙe masa gora bara. Riga kawai suka sauya.

Ran kasuwa, da hantsi, suka iso rumfar Malam Mode da tifa. Ni ina Dandin Mahe ran nan, amma Baba Ladan yana wurin, Sarkin Kasuwa yana wurin, kuma rabin mutanen da ke zaune a nan sun gani. Shugaban ya nuna akwatunan da ke jere suna jiran gyara, ya ce shara ce, a kwashe. Ya ce rumfar ta tare hanya, a ture ta. Rumfar da ta fi shi daɗewa a bakin hanyar nan!

Malam Mode bai roƙi a bar masa rumfa ba. Ya ce, “Ku rushe in kun ga dama, itace na da kara. Amma akwatunan ga ba nawa ba na, na mutane na. Ku bari in mai da ma kowa nashi.”

Shugaban ya yi dariya. Ya ce in yana son akwatunan, ya ɗora ɗaya a ka ya yi tsallen kwaɗo daga rumfa zuwa bakin kwalta.

Jama'a, mutumin da ya haura sittin. Mutumin da ke tsayawa sahun gaba a masallacinmu. Baba Ladan ya riƙe masa riga yana cewa, “Yaya, kar ka yi, don Allah kar ka yi.” Ya janye rigarsa. Ya cire hularsa ya miƙa wa ƙanensa, ya ɗora akwati a ka, ya tsuguna. Ya yi tsallen nan a gaban kasuwa, a gaban mata masu sai da nono, a gaban surukinsa mijin Mairo. Ya faɗi, ya tashi, ya ƙarasa. Da ya kai kwalta ya waiwayo, sai ya ga sun riga sun loda akwatunan a tifa. Suka tafi da su. Har yau babu wanda aka mayar wa nasa, amma mun ga wasu daga cikinsu a kasuwar 'yan gwangwan a birni.

Ina tambaya, ranka shi daɗe, wace tsabta ce wannan? Wace doka ce ta ce a kunyata tsoho don a share gari? In rumfa ta tare hanya, ba a aiko masa da manzo? Ba a ce Baba, matsa baya kaɗan? Da ya matsa, wallahi da ya matsa, har ya taya su shara.

Kun san abin da ya yi bayan haka? Bai kai ƙara ba. Keken Baba Ladan ya ara, ya shiga bin masu akwatunan gida gida, ƙauye ƙauye, yana ba su haƙuri. Da gwiwoyin nan da suka kumbura ya taka keke har Shagari. Nawa akwatin, farin nan na magani, yana cikin waɗanda aka kwashe, don na kai a gyara masa marfi. Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ga shi. Na tashi zan karɓi keken, sai ya nemi ya durƙusa mini. Ya ce, “Haliru, ka ba ni ajiya, ban tsare ba. Ka yahe min.” Na kama kafaɗunsa na ɗaga shi. Na ce, “Baba, kai aka zalunta, kai ke ba da haƙuri?” Ya ce, “Hannuna kas sa shi.”

Daga wannan zagaye ya kwanta. Inna Tani ta ce ko da ya ɗan sami sauƙi ba ya yarda ya fita ƙofar gida, sai ya ce yara za su gan shi. Masallaci ma sai ya bari an tada salla ya shiga sahun baya. Mutumin da duk garin nan ke gaisarwa ya koma ɓoye fuskarsa, waɗanda suka yi abin kunyar kuma suna yawo da babbar riga. Mun san ajali na Allah ne, babu mai ƙara wa wani kwana ko ya rage. Amma sanadi yana da masu shi, kuma za a tambaye su.

Yanzu ku bi ta wurin da rumfar take. Za ku ga an jibge bulo da yashi. Filin da aka ce ya tare hanya, ashe bai tare wa kanti hanya ba. Kowa ya san mai bulon. Ba zan kira suna a wurin addu'a ba, kuma na lura ya aiko da goro.

Ranka shi daɗe, ga roƙonmu, ka kai shi gaban Hakimi yadda muka faɗe shi. Filin nan Sarkin Kasuwa na wancan zamani ne ya ba Malam Mode, dattawa sun shaida. A kwashe bulon nan. A bar wa iyalinsa wurin. Baba Ladan ya iya aikin, tare suka yi shi shekara da shekaru, kuma da shi za a ci da gidan nan. Mu mahaya mun yi shawara: itace da kara da aikin kafawa duk a wuyanmu. Izini kawai muke jira, kuma za mu yi ta zuwa ƙofar fada har mu same shi.

Inna Tani, ki yi haƙuri. Mijinki bai tozarta ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru ran nan ya san wanda ya tozarta. Mairo, ki ɗaga kanki a cikin mata, ki gaya wa 'ya'yanki kakansu ya tsuguna ne don kayan mutane. Baba Ladan, ka daina cewa da ka riƙe shi da ƙarfi. Babu mai iya riƙe shi a kan amana.

Saura saƙo ɗaya, kuma shi ya fi mini nauyi. Ana jibi zai rasu na je duba shi. Ya sa aka tada shi zaune, ya kama hannuna. Ya ce, “Haliru, na san in anka taru kai za su sa magana, kuma na san bakinka. Ka ce musu na yahe.”

Na ce, “Baba, har shi?”

Ya ce, “Har shi.”

Ya matse mini hannu ya ce, “Ban son in tashi gaban Ubangiji ina jan rigar wani. Na gaji, ban iya doguwar tsayuwar hisabi. Ka hwaɗi, kar ka ɓoye.”

To, na faɗa. Malam Mode ya yafe. Wanda abin ya shafa, in yana nan ko yana da mai kai masa labari, ya ji: tsohon da ka sa tsalle ya yafe maka tsallen. Wannan haƙƙinsa ne, ya bayar. Amma filin haƙƙin Inna Tani ne da Mairo, akwatunan kuma haƙƙin masu su ne, kuma ban ji ɗayansu ya ce ya yafe ba.

Muna godiya ga Wakilin Hakimi da ya zauna ya saurari magana mai ɗaci bai tashi ba. Muna godiya ga Liman da malamai da suka sauke Alƙur'ani, da matan unguwa da suka tsaya a kan tukwane, da baƙin da suka zo daga Dingyadi da Shagari da Dandin Mahe. Allah shi mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Mode ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka tashe shi cikin masu daraja ranar da babu mai iya ƙasƙantar da wanda ka ɗaukaka. Ka tsare iyalinsa, ka isar musu. Ka kawo wa ƙasarmu sauƙin wannan matsi, ka kiyashe mu da ba azzalumi bulala. Mu kuma da ya bari, ya Allah, ka ba mu ko kaɗan daga irin zuciyarsa, domin tamu har yanzu tafasa take yi.

Liman, Allah shi gafarta Malam, a ja mu Fatiha.